Ɗiban Wuta a Gidan Maƙwabta: Tayamin, Ƙwayoyin Hanji da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Kafin ashana ta cika teburan 'yan tireda, wuta abar tattali ce a gidan Bahaushe. Uwargida ba ta kwanciya sai ta tura gungume cikin murhu, ta lulluɓe garwashi da toka, domin da asuba ta tona ta tarar da shi jajawur. Ranar da aka wayi gari toka ta huce, sai a tashi yarinya a miƙa mata kasko: "Maza je ki gidan Inna ki ɗebo mana wuta." Da gudu za ta je, da gudu za ta dawo, don garwashi ba ya jiran a gama gaisuwa. Shi ya sa har gobe idan baƙo ya ƙi zama ake ce masa, "Sai ka ce ɗiban wuta ka zo."

Kowace unguwa ta san gidajenta. Akwai inda wuta ba ta mutuwa, kamar gidan mai waina ko gidan maƙeri. Akwai waɗanda kullum su ne da kasko a hannu, ba su taɓa kwana da wuta ba. Jefi-jefi kuma akan samu hatsabibin yaro da zai faki ido ya watsa wa murhun mutane ruwa. Irin wannan zaman ake yi a cikin cikin ɗan Adam. Garwashin shi ne tayamin, wanda aka fi sani da bitamin B1. Maƙwabtan su ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji. Babbar tukunyar da ke kan murhu kuwa, wadda ke fara nunawa da zarar wuta ta yi sanyi, ita ce ƙwaƙwalwa.

Itace shi kaɗai ba ya dafa tuwo

Tuwo, fura, shinkafa, burodi, rogo, duk inda suka biyo makomarsu ɗaya ce. Hanji zai narkar da su su koma sukarin da likitoci ke kira gulukos, jini ya raba shi gida-gida ga ƙwayoyin halittar jiki. Wannan sukari shi ne itacen. To amma ko an jibge itace ya kai rufin ɗaki, in babu abin da zai kama shi, da yunwa za a kwana. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai matakai da ake bi kafin sukari ya zama ƙarfi, kuma uku daga cikin manyansu ba sa tafiya sai da tayamin. Na farko shi ne ƙofar da ke shigar da sarrafaffen sukari cikin ainihin murhun ƙwayar, wanda masana ke kira mitokondiriya. Na biyu yana can cikin murhun, inda ake ƙarasa ƙonewa. Na uku yana wata 'yar hanya ta gefe, inda ake haɗa kayan gyara da na kariya da ƙwayar ke buƙata.

Idan tayamin ya yi ƙaranci, ƙofar farko sai ta cije. Sukari ya tsaya a tsakiya, bai ƙone ba, bai kuma zauna yadda yake ba, sai ya juye ya zama wani tsami da ake kira laktik asid. Duk matar da ta taɓa danne ɗan garwashi da tulin itace ta san abin da ke biyo baya: hayaƙi ya turnuƙe madafi, ido ya yi ja, tukunya ko ɗumi ba ta yi ba.

Ƙwaƙwalwa ce ta fi shan wahalar wannan hayaƙi. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke kashewa a zaune. Ba ta da rumbun ajiya na kirki, ba ta kuma sauke tukunya ko da mutum yana barci. A shekarun 1930 Rudolph Peters na Jami'ar Oksfod a Ingila ya nuna haka ƙuru-ƙuru. Tattabarun da ya hana tayamin sukan sandare, wuyansu ya lanƙwashe baya. Da ya gwada naman ƙwaƙwalwarsu, sai ya ga ya rage shan iskar oksijin. Da ya ɗiga masa tayamin a cikin kwalbar gwaji, sai ya farfaɗo ya ci gaba da aiki.

Abin da ake buƙata ɗan mitsitsi ne: miligiram 1.2 a rana ga namiji, 1.1 ga mace, 1.4 ga mai ciki da mai shayarwa. Abin da magidanci zai buƙata a shekara biyu bai cika giram ɗaya ba. Matsalar ita ce jiki ba ya iya ƙera shi, ba ya kuma iya tara shi da yawa. Duk ajiyar jiki ba ta wuce miligiram 25 zuwa 30 ba, ragowar fitsari ke tafiya da ita. Idan aka daina samunsa a abinci, cikin mako biyu zuwa uku toka ta huce. Kuma gwargwadon yawan sitaci da sukarin da mutum ke ci, gwargwadon tayamin ɗin da zai nema, kamar yadda babban gungume ba ya kamawa da ɗan tartsatsi.

Kajin Batabiya

Da neman bakteriya labarin tayamin ya soma. A 1886 gwamnatin Holan ta tura likitoci tsibirin Jaba, a ƙasar da ake kira Indunusiya yanzu, su gano ƙwayar cutar da ke jawo beriberi, wadda ke shanye ƙafafun sojoji da fursunoni, ta kumbura su, ta tsayar da zuciya. A wancan zamani kowace cuta bakteriya ake zargi. Cikin tawagar akwai Christiaan Eijkman, wanda ya ci gaba da aikin a Batabiya, wato Jakarta ta yau.

Wajen 1890 kajin da yake gwaji da su suka fara tangaɗi suna faɗuwa, bayan 'yan watanni kuma suka warke ba tare da ya yi musu komai ba. Da ya bi diddigi sai ya gano cewa a watannin da suka yi ciwon, ragowar farar shinkafar asibitin sojoji ake ba su. Da aka sake kuku, sabon ya ce ba zai ba kajin farar hula shinkafar soja ba, aka mayar da su kan shinkafar da ba a goge ba, suka miƙe. Abokinsa Adolphe Vorderman ya zagaya gidajen yarin Jaba, ya tarar inda ake cin farar shinkafa fursuna 1 cikin 39 na da beriberi, inda ake cin wadda ba a goge ba kuwa 1 ne cikin kusan 10,000. Eijkman ya ɗauka guba ce a cikin shinkafar, dusar kuma makarinta. Magajinsa Gerrit Grijns ne ya ce a 1901 ai babu wata guba, wani abu ne da jiki ke buƙata ake gogewa a zubar. A 1926 Jansen da Donath suka tace sinadarin, wato tayamin, daga dusar shinkafa a nan Batabiya, a 1929 Eijkman ya samu kyautar Nobel, a 1936 kuma Robert Williams ya haɗa tayamin a ɗakin gwaji a Amurka.

Daga nan aka wanke bakteriya daga zargi aka yi watsi da zancenta. Sai daga baya aka gane ashe tana cikin maganar, ta wata fuska dabam.

Su wane ne maƙwabtan?

Ƙiyasin da masana na Cibiyar Weizmann a Isra'ila suka fitar a 2016 ya nuna jikin babban mutum na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Kowace ɗaya a cikinsu tana da nata ɗan murhun, kuma ita ma sai da tayamin take dafa abincinta. A 2015 masu bincike a Lukzambag suka duba kundin gadon nau'o'in bakteriyar hanji 256, suka ga kusan rabinsu ne ke da kayan ƙera tayamin da kansu. Ragowar sai sun ɗebo.

Gidan mai waina a wannan unguwa su ne dangin Bacteroides da Prevotella, waɗanda da yawansu ke ƙera tayamin. Wata daga cikinsu, Bacteroides thetaiotaomicron, ta iya zaman duniya: in ta samu a waje ta ɗauka ta huta, in ya yanke ta ƙera nata. Masu kasko a hannu kuwa, fitacciyarsu ita ce Faecalibacterium prausnitzii, ɗaya daga cikin mafi yawa a hanjin mai lafiya. Ba ta iya ƙera tayamin, sai wanda ta samu daga abincinmu ko daga maƙwabtanta. Sai dai ba ta cin bashi ta yi shiru. Tana narkar da ragowar hatsi da ganye da cikinmu ya kasa narkarwa, ta fitar da wani mai da ake kira butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanji, kuma yana kwantar da kumburi. Ita ce matar da ke zuwa ɗiban wuta kullum safiya, amma in ta sauke sai ta aiko da ƙoƙon ɗanɗano.

Sai hatsabibai. Wajen 1950 masana a Japan suka samu wata bakteriya a bayan gidan wasu mutane wadda ke fitar da sinadarin da ke datse tayamin gida biyu ya tashi aiki, suka sa mata suna Bacillus thiaminolyticus. Wata mai suna Clostridium sporogenes ita ma tana yin haka. In suna 'yan kaɗan ba a jin ɗuriyarsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tunda rabin unguwa na kwana da wuta, me zai hana mu jingina da su? Tsarin gidan ne ya hana. Jiki yana tsotse tayamin ne a farkon ƙaramin hanji, can kusa da zaure, alhali cincirindon bakteriya yana babban hanji, ta bayan katanga, inda abinci ke isa bayan an gama tatsarsa. An daɗe ana ɗauka duk abin da suka ƙera a can asara ne. Tsakanin 2012 da 2014 Hamid Said da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka gano akwai 'yar taga a katangar: wani sinadari a bangon babban hanji, mai suna SLC44A4, da ke ɗaukar irin tayamin ɗin da bakteriya ke fitarwa ya shigar da shi. Ke nan garwashi yana tsallakowa. Amma nawa? Lissafin masu binciken Lukzambag ya nuna abin da bakteriyar hanji za su iya samarwa bai kai kashi 3 cikin 100 na buƙatar mutum ta yini ba. Zai taimaki bangon hanjin da ke kusa, amma ba zai tafasa tukunyar ƙwaƙwalwa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Darasi daga turken rago

Wanda ya jingina da maƙwabta ɗungurungum shi ne rago, da akuya, da saniya. Su nasu maƙwabtan a zaure suke, wato a tumbi, kafin a kai ga ƙaramin hanji. Bakteriyar tumbi ke ƙera musu tayamin, ya gangara a tsotse. Muddin dabba na samun ciyawa da harawa da ƙaiƙayi, ba ta da matsala.

Masu kiwon ragon layya da ke gaggawar ganin ƙiba sukan taɓa wannan zama ba su sani ba. A ɗauke rago daga ciyawa rana ɗaya, a ɗora shi kan tsabar masara ko dawa ba tare da isasshen abin tuƙa ba, sai tumbi ya yi tsami. Masu ƙera tayamin su ragu, masu datse shi su yi yawa. Bayan kwanaki sai a ga rago ya ware daga 'yan'uwansa, yana kewaye wuri ɗaya, yana dafa kai a bango, idonsa a buɗe amma ba ya gani, ko ya ɗaga kai sama kamar mai ƙirga taurari, daidai da tattabarun Peters. Mai shi ya ce baki ne, wani ya ce iska ce, a fara neman mahauci. Likitan dabbobi kuwa ya san bayan ƙwaƙwalwar ne ya fara lalacewa, kuma in aka yi wa dabbar allurar tayamin da wuri, sau da yawa kafin kwana ɗaya ko biyu ta miƙe tana cin abinci. Ga zaren nan a fili: an sauya abinci, bakteriya suka sauya, tayamin ya ƙare, ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, ko da yake a jikin mutum abin bai kai haka sauri ba. Akwai yanayin da bakteriya ke hauro katanga su cika ƙaramin hanji, inda bai kamata su yi yawa ba. Wani rahoto da likitoci a Amurka suka fitar a 2008 kan mutanen da aka yi wa tiyatar rage tumbi saboda ƙiba ya nuna waɗansunsu na shan ƙwayar tayamin amma bai hau a jininsu ba, sai da aka ba su maganin da ya rage bakteriyar da suka yi musu kaka-gida a wurin. Garwashi na shigowa, 'yan tare hanya na amshewa tun a soro.

Saƙo tsakanin ciki da kai

Hanji da ƙwaƙwalwa ba sa rabuwa da aike. Akwai wata doguwar jijiya da ake kira bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta sauka har hanji, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na zarurrukanta daga ƙasa suke kai rahoto sama. Akwai kuma saƙon da ke bi ta jini. A 2014 masana a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka nuna cewa ɓerayen da aka raina babu bakteriya ko ɗaya a cikinsu, shingen da ke tace abin da ke shiga ƙwaƙwalwa daga jini yakan yi yoyo. Da aka ba su butiret, ko bakteriyar da ke samar da shi, sai shingen ya ƙara ƙarfi. A ɓeraye aka ga wannan, amma ya nuna hanya: tayamin yana ciyar da mai kasko, mai kasko ta samar da butiret, butiret ya taimaka wajen tsare hanji da shingen ƙwaƙwalwa.

Ta ɗaya ɓangaren, hanji yana da nasa jijiyoyin masu tura abinci gaba, kuma sinadarin da suke aika umarni da shi, asetilkolin, daga wancan mataki na farko mai buƙatar tayamin ake samun kayan haɗa shi. Wataƙila shi ya sa alamomin farko na ƙarancin tayamin sukan fito ta ciki: rashin cin abinci, tashin zuciya, kumburin ciki, taurin bayan gida, haɗe da kasala da saurin fushi. Mutum ya rage ci, tayamin ya ƙara raguwa, ciki ya ƙara lalacewa, abu ya yi ta zagaye.

A birnin Aarhus na Denmak an gwada ba mutum 40 masu ciwon kumburin hanji da ke fama da matsananciyar gajiya tayamin mai yawa na mako huɗu, aka buga sakamakon a 2021: gajiyar ta ragu ga da yawansu. Da aka duba bayan gidansu daga baya, sai aka ga waɗanda suka amfana sun fi yawan Faecalibacterium prausnitzii. Gwajin ƙarami ne, a ƙarƙashin kulawar likitoci aka yi shi. Haka wani gwaji da aka buga a Amurka a 2020, inda aka ba masu farkon cutar mantuwa ta Alzheimer wani ɗan'uwan tayamin mai suna benfotiyamin na shekara guda, mutum 70 ne kawai a ciki, kuma bambancin da aka gani a babban ma'aunin bai kai a kafa hujja da shi ba. Duk mai tallar kwalba a Facebook ko a tasha da ya ce maganinsa na "wanke hanji ya buɗe ƙwaƙwalwa" ya riga malaman da ke binciken isa inda ba su kai ba.

Ranar da wuta ta mutu

Inda babu jayayya shi ne abin da ke faruwa idan tayamin ya ƙare ƙaf. A 1881 likitan Jamus Carl Wernicke ya bayyana marasa lafiya uku masu ruɗewar tunani, da idanun da suka daina juyawa daidai, da tafiyar tangaɗi. Biyu mashaya giya ne. Ta ukun budurwa ce da ba ruwanta da giya, amai ne ya ƙi tsaya mata bayan ta sha guba ta ƙone mata ciki. A 1887 Sergei Korsakoff na Rasha ya bayyana abin da ke biyo baya in ba a yi magani ba: mutum ya kasa riƙe sabon abu, ka gaisa da shi yanzu, an jima ya tambaye ka wane ne kai, ya riƙa cike giɓin da labaran da shi kansa ya yarda da su. Wuraren da ke lalacewa 'yan ƙanana ne a tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda wuta ta fi ci, kuma ta nan hanyar ajiye tunani ta bi.

Cutar ta iya ɓuya. Clive Harper ya binciki gawarwaki a birnin Perth na Ostireliya, ya ruwaito a 1986 cewa cikin mutum 131 da aka samu tabonta a ƙwaƙwalwarsu, kashi 80 cikin 100 ba a gane suna da ita ba sai bayan sun mutu, kuma kashi 16 ne kawai suka nuna alamomin nan uku a tare. Daga 1991 Ostireliya ta wajabta zuba tayamin a fulawar burodi.

Jarirai sun fi kowa rauni. A 2003 aka sayar da wata madarar gwangwani ta waken soya a Isra'ila wadda babu tayamin a cikinta. Wasu jarirai suka rasu, wasu suka nakasa. Masu bincike a Jami'ar Tel Aviv suka bi yara 59 da suka sha madarar amma ba su nuna ciwon ƙwaƙwalwa a lokacin ba. Da suka kai shekara 5 zuwa 7, an samu 57 daga cikinsu da matsalar harshe, wajen gina jimla ko lalubo kalma. A Kambodiya da Lawos da Kashmir kuwa, ta nonon uwar da ke rayuwa kan farar shinkafa ƙarancin ke isa ga jariri.

Mu ma nan Afirka ta Yamma ba baƙonmu ba ne. A daminar 1988 beriberi ta ɓarke a wani yankin karkara na Gambiya ta kashe mutane, akasari majiya ƙarfi masu aikin gona. A ƙasar Ijesha ta kudu maso yammacin Nijeriya an daɗe ana fama da wata karkarwa da tangaɗi da ke zuwa da damina, har Bola Adamolekun na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya danganta ta a shekarun 1990 da cin wata tsutsa mai suna Anaphe venata. A shekarar 2000 aka tabbatar tsutsar na ɗauke da sinadarin datse tayamin mai jure zafin girki.

A gidajenmu, wadda ta fi shiga haɗari ita ce mai ciki da laulayi ya tsananta mata, ta yi makonni ko ruwa ba ya zama. Surukarta ta ce, "Haƙuri za ki yi, 'yar nan, kowane ciki da irin laulayinsa." Ranar da ta fara sambatu, idonta na rawa, ta kasa tsayuwa, sai a ce mutanen ɓoye ne. In an kai ta wurin mai kemis, abin da dangi ke roƙo shi ne a yi mata ƙarin ruwa. Ruwan nan in mai sukari ne, kuma aka yi ta ɗura shi babu tayamin, an danne ɗan garwashin da ya rage da tulin itace ke nan, yana iya ƙarasa kashe shi. Saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce a ba irin wannan mara lafiya tayamin kafin ruwan sukari ko tare da shi. Haka abin yake ga wanda ya daɗe cikin yunwa aka fara ciyar da shi, da mai gudawar da ta ƙi ƙarewa, da mai ciwon zuciya da ya daɗe kan maganin sa fitsari irin su furosemid, da mashayin giya, wanda giyar ke hana hanjinsa tsotsar tayamin.

Dusa da ƙasari

Abin da zai ciyar da mai gida da maƙwabtansa wuri guda yake zaune: bayan ƙwayar hatsi da idonta. A nan tayamin ya taru, a nan kuma ɓawon da bakteriyar kirki ke ci yake. Shinkafar da ba a goge ba tana da kusan miligiram 0.4 a kowane giram 100, fara tas ɗin kuwa ba ta kai 0.1 ba. Gero da dawa da masara ma haka suke. Idan aka surfa, aka bakace, aka wanke, dusa ta tafi turke, ƙasari ya bi ta, tunda tayamin yana narkewa a ruwa. Akuya ta sha romon, mu mu tuƙa farin tuwo muna yaba haskensa.

Ba wanda zai ce a daina surfe, amma akwai tazara tsakanin cire ƙaiƙayi da goge hatsi har ya yi fari fat a inji. Matan da ke turara shanshera kafin a kai ta casa, irin na Ƙura da sauran garuruwan shinkafa, suna yin abin da kimiyya ta yaba: tururin yana tura tayamin daga dusa zuwa cikin ƙwayar, ya zauna ko an goge. Wanke shinkafa sau da yawa da tsiyaye ruwan dahuwarta a zubar suna rage abin da ya saura. Kanwa ma a sa mata ido, domin tayamin ba ya jure ta. Waken da aka jiƙa ya kwana zai nuna da 'yar kaɗan, ba sai an zuba ta da yawa ba. Wake da gyaɗa da riɗi suna cikin mafi arzikin tayamin a kasuwarmu, kowannensu ya haura miligiram 0.6 a giram 100 kafin dahuwa. Ƙosai, alala, ɗanwake, ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, kantun riɗi, faten wake da zogale, duk abincin talaka ne da ke yin aikin nan biyu a lokaci guda. Wanda ya mayar da cimarsa farar taliya da burodi da lemon kwalba da shayi mai kauri safe da yamma, ya ƙara itace ya rage garwashi. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, duk lokacin da ciki ya murɗa a aika yaro kemis, shi kuma korar unguwa ce gaba ɗaya, ba ya tambayar wa ke ba da wuta wa ke kashe ta.

Tayamin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana da araha, kuma in an yi allurarsa da wuri rawar ido kan fara lafawa cikin awoyi ko 'yan kwanaki. In an makara, mantuwar kan zauna har ƙarshen rai. Don haka duk wanda ya raka mai ciki da ta yi makonni tana amai, ko dattijon da ya daɗe ba ya cin abinci ya fara ruɗewa, ya kai su asibiti tun da wuri, ya faɗa wa likita tsawon lokacin da aka ɗauka abinci ba ya zama. Kafin a rataya ledar ruwa kuma, ba rashin ladabi ba ne ya ce, "Ranka ya daɗe, an haɗa da bitamin B1 kuwa?"